Idan Likita Ya Ce Zuciyarka Ƙalau, Amma Gabanka Bai Daina Faɗuwa Ba

Dare ya raba, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gari ya yi tsit. Ka juya gefen hagu kana neman barci, sai ka ji kamar zuciyarka ta yi tuntuɓe: ta ɗan dakata, sannan ta buga dum! Nan take barci ya washe. Ka kai yatsu wuya kana laluben jijiya, kana ƙirge, kana jiran na gaba. Alhali kuwa makon jiya likita ya duba takardun gwajinka ɗaya bayan ɗaya, ya ce da kai babu abin damuwa.

Masu fama da wannan suna da yawa, kuma galibinsu suna yin shiru don gudun a ce sun cika raki. Wannan jagora ta wanda aka riga aka gwada ce, aka tabbatar masa cewa zuciyarsa lafiya take, amma tsoro ya ƙi sakinsa. Wanda bai je asibiti ba tukuna, ya fara da zuwa, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan gwajin yake tsaye.

Abin da ke faruwa a ƙirjinka

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. A saman ɗakin dama akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta da ke sakin siginar lantarki, shi ke ba da umarnin kowane bugu. Idan babban mutum yana hutawa, zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato wajen sau 100,000 a kwana guda.

Ka tuna mata masu lugude a turmi ɗaya. Taɓarya na sauka bi da bi, sai wata ta yi gaggawa ta saki tata kafin lokacinta. Sauran kan ɗan saurara don kiɗan ya koma daidai, sannan dukan da ya biyo baya ya sauka da ƙarfi. Haka abin yake a ƙirji. Wani sashe na zuciya kan yi azarɓaɓi ya saki siginarsa da wuri, a sami bugu mai rauni wanda sau da yawa ba ka ma jin sa. Daga nan zuciya ta ɗan jinkirta, jini ya cika ta fiye da yadda ya saba, sai bugun gaba ya zo da nauyi. Jinkirin nan shi ne kake ji kamar ta tsaya, nauyin kuma shi ne dum ɗin da ke tsinka maka rai. Zuciyar ba ta tsaya ba, gyara zama ta yi.

Irin wannan bugu na riga-malam-masallaci kusan kowa yana yin sa. Idan aka ɗaura wa masu ƙoshin lafiya na'ura ta kwana guda, akan same shi a jikin da yawa daga cikinsu, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Bambancin kawai, wani yana ji, wani ba ya ji. A shekarar 1985 likita Harold Kennedy da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 73 masu lafiyayyar zuciya amma masu yawan irin wannan bugu. Sun bi wasunsu har kusan shekara goma, ba su ga haɗarin mutuwarsu ya zarce na sauran masu lafiya ba. Shi ya sa likitan zuciya ya fi damuwa da lafiyar naman zuciyar da ƙofofinta fiye da ƙirga tuntuɓenta.

Alamomin da ba a zama da su a gida

Hankali ba ya kwanciya sai mutum ya san iyakar da za a ce masa tashi ka tafi asibiti. Ga iyakar, ka haddace ta. Ka nemi likita ba tare da jinkiri ba idan bugun ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan:

- suma, ko duhun gani da jiri har ka kusa faɗuwa;
- ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi;
- sarƙewar numfashi da ba ka saba da ita ba, kasa kwanciya sai da tarin matasai, ko kumburin ƙafa;
- bugun da ke tasowa ko ƙaruwa daidai lokacin da kake aikin ƙarfi ko ƙwallo;
- zuciya ta ɗauki gudu farat ɗaya kana zaune, ta kai 150 ko fiye a minti, ta ƙi sauka;
- bugu ya birkice gaba ɗaya babu tsari na tsawon lokaci, musamman ga dattijo ko mai hawan jini, domin wannan nau'in yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Haka nan ka sanar da likita idan a danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana ƙasa da shekara 40, ko kai kanka an taɓa ce maka kana da ciwon zuciya.

Mai ciki da mai jego, ke taki maganar daban ce. Lokacin goyon ciki jini yana ƙaruwa a jiki, bugu ma yana ƙaruwa da kamar 10 zuwa 20 a minti, don haka jin bugun zuciya ba baƙon abu ba ne. Amma gazawar zuciya bayan haihuwa ciwo ne da aka daɗe da sani a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da zafin wankan jego. Idan kin haihu kwanan nan kina haki, kina tari da dare, ƙafafunki na kumbura, kada wani ya ce miki gajiyar jego ce ko tunani. Ki tafi asibiti a ranar.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, kuma an gwada ka, to ci gaba da karatu.

Gwaje-gwajen da amfanin kowanne

Na farko shi ne ECG, wanda ake manna maka wayoyi a ƙirji da hannaye da ƙafafu. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ya kafa tushensa, har ya sami kyautar Nobel a 1924. Daƙiƙu kaɗan yake ɗauka, don haka sau da yawa ba ya kama tuntuɓen, amma yana nuna ko hanyoyin lantarkin zuciya daidai suke.

Na biyu shi ne hoton zuciya da ake kira eko, irin sikanin da ake yi wa masu ciki. Shi ke nuna ƙarfin matsawar zuciya, kaurin namanta da lafiyar ƙofofinta. A maganar da muke yi, wannan ne gwajin da ya fi kowanne nauyi.

Na uku gwajin jini ne, don neman ƙarancin jini, da yawan aikin ƙullutun gaban wuya wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo, da kuma gishirin jiki irin su fotasiyam. Kowanne cikinsu yana iya sa zuciya gudu alhali ita kanta ba ta da laifi.

Na huɗu na'urar Holter, wadda ake ɗaura maka ka tafi da ita gida na awa 24 ko 48. Sunan wanda ya ƙirƙira ta ne, Norman Holter, mutumin jihar Montana a Amurka. Wadda ya fara haɗawa a ƙarshen shekarun 1940 ta kai kusan kilo 38, goya ta ake yi a baya. Ta yanzu ba ta fi ƙaramar waya ba. Sassan kula da zuciya na manyan asibitoci, irin su asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato, can ake tura mai buƙatar irin waɗannan gwaje-gwaje.

Ranar da aka ɗaura maka ita, kada ka kwanta a ɗaki kana lallaɓa kanka. Ka je kasuwa, ka hau bene, ka sha shayinka yadda ka saba, sai dai ka kiyaye ta daga ruwa. Ka riƙe takarda da biro, duk lokacin da ka ji abin ka rubuta ƙarfe nawa ne, me kake yi, me ka ji. Da wannan takardar likita zai gwama abin da ka ji da abin da na'ura ta gani. Idan kwanan ya wuce abin bai zo ba, ka faɗa masa, akwai na'urorin da ake sawa na mako ɗaya ko biyu.

Yadda ake karanta takardar sakamako

Nan ne mutane da yawa ke jefa kansu cikin tashin hankali. An miƙa maka takarda cike da lambobi, ganin likita sai bayan kwana goma, sai ka shiga intanet kana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Kafin asuba ka gama yanke wa kanka hukunci.

Inda ka ga an rubuta PVC ko VE, ana nufin bugun gaggawa da ya taso daga ɗakunan ƙasa. PAC ko SVE kuma wanda ya taso daga na sama. Lambar da ke gabansu ita ke firgita mutum, domin 500 ko 1,000 abu ne mai yawa a ido. To ka auna ta da jimillar bugun ranar. Bugu 500 cikin 100,000 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Bugu 1,000 kashi ɗaya ne. Likitoci kan fara sa ido sosai ne idan na ɗakunan ƙasa suka kai wajen kashi 10 cikin ɗari, wato kamar 10,000 a kwana, domin irin wannan yawan idan ya daɗe yana iya raunana zuciyar wasu. Ko a nan ɗin ma abin da akan yi shi ne bibiya da eko da magani, kuma akwai aikin da ake ƙone ɗan wurin da ke sakin siginar.

Za ka ga mafi ƙarancin bugu, wataƙila 48, ka ce shi ke nan zuciya na shirin tsayawa. Duba lokacin: ƙarfe uku na dare ne, kana barci, kuma haka zuciyar mai lafiya take saukowa, balle ta matashi ko mai motsa jiki. Za ka ga mafi yawa, wataƙila 135. Duba takardarka, lokacin kana sauri ne kada jam'i ya wuce ka. Kalmar sinus idan ta bayyana tana nufin umarnin bugun daga mazauninsa na asali yake fitowa, wannan kuwa labari ne mai daɗi.

Ka sani kuma kwamfuta ce ke fara yin ƙirgen, kuma takan ɗauki motsin waya ko gumin da ya sassauta mannin a matsayin bugu. Hukuncin yana ga likitan da ya duba zanen da idonsa. Sannan lambar yau ba ita ce ta gobe ba. Mutum ɗaya zai iya yin 200 yau, jibi ya yi 900, ba tare da wani abu ya lalace ba. Wanda ya maimaita gwajin don ya ga lamba ta sauka, ya sayo wa kansa sabuwar damuwa.

Ranar ganin likita ka tafi da tambayoyi huɗu a rubuce. Likita, ginin zuciyata lafiya yake? Abin da nake ji, an kama shi a na'urar, kuma mene ne shi? Akwai aiki ko ibadar da zan bari? Wace alama ce za ta sa in dawo? Ka rubuta amsoshin da hannunka a gabansa. Takardar nan za ta yi maka rana.

Idan ya ce ba ka buƙatar magani, kada ka ɗauka sakaci ne. A 1989 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka mai suna CAST, inda aka ba waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya magungunan danne irin wannan bugu. Magungunan sun danne bugun, amma masu shan biyu daga cikinsu sun fi mutuwa a kan waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, har aka dakatar da ba da su. Tun daga nan likitoci suka daina gaggawar yaƙar kowane tuntuɓe.

Yadda tsoro ke ciyar da kansa

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da ka ji dum, ƙwaƙwalwa ta ce haɗari, jiki ya saki sinadarin adirenalin. Shi kuma aikinsa ke nan ya ƙara wa zuciya gudu da ƙarfi, ya kuma sauƙaƙa wa bugun gaggawa fitowa. Sai ka ƙara ji, ka ƙara tsorata. Kana haki sama-sama, yatsu da leɓe su fara tsiko, kai ya yi fayau, ka ce ai ga mutuwar nan ta zo. Firgici irin wannan yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka da kansa.

A wajenmu akwai ƙarin nauyi. Mun taso muna jin cewa faɗuwar gaba ishara ce ta mugun labari, wani kuma ya ce sammu ne ko taɓin iska. Ga labarin wane da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, wanda kowa ke da irinsa. Mai wannan tunani ba sai zuciyarsa ta yi wani abu babba ba, ƙaramin motsi ya ishe shi kwana zaune.

Kunne kuma yana koyon saurare. Kamar ƙarar agogon bango ce, da rana ba ka san da ita ba, da dare in ka kasa kunne sai ta hana ka barci. Shi ya sa abin ya fi zuwa bayan isha'i, kuma ya fi ƙarfi idan ka kwanta ta hagu, inda zuciya ke matsowa kusa da bangon ƙirji.

Abin yi idan ya taso

Da farko ka tambayi kanka ko akwai ɗaya daga alamomin can na sama. Idan babu, ka faɗa wa kanka sunan abin: bugun nan ne da aka gwada. Kada ka kai hannu wuya. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, cikinka ne zai riƙa tashi ba kafaɗa ba. Ka yi haka minti uku zuwa biyar. Fitar da numfashi a tsanake yana taɓa jijiyar da ke rage wa zuciya gudu. Mai tasbihi ya ja carbinsa a kan wannan numfashin, zikiri da natsuwar jiki abokan tafiya ne. Idan kana kwance ka juya dama, ko ka tashi ka sha ruwa. Sannan ka koma kan abin da kake yi, ko da bugun bai gama lafawa ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, shi ne kuma mafi amfani, domin da shi ƙwaƙwalwa ke gane cewa abin ya zo ya wuce ba a yi komai ba.

Rage gadin zuciya

Yawan taɓa miki ba ya barin sa ya warke. Duk lokacin da ka auna bugu ka ga daidai, kakan sami sauƙi na minti kaɗan, sannan shakka ta dawo da ƙarfinta. Agogon hannu mai auna bugu, da ɗan abin maƙala yatsa da ya yaɗu lokacin korona, da na'urar awon hawan jini, duk suna da amfani a wurinsu. Amma na hannu da na yatsa da haske suke aiki, motsi da sanyin yatsa da bugun gaggawa suna ruɗa su, su nuna lambar da ba ita ba.

Ka bi abin daki-daki. Kwana uku na farko ka ƙirga sau nawa kake aunawa. A mako na farko ka rage rabi. A na biyu ka tsayar da lokaci ɗaya tak a rana. Daga nan ka bari, sai abin da likita ya ce ka auna, kamar hawan jini. Ka kashe ƙararrawar agogon, ka daina kwana da shi. Ka daina bin bayanan ciwon zuciya a waya da dare. Ka kuma roƙi na kusa da kai, mata ko miji ko aboki, cewa idan ka sake tambayar ko lafiya kake, su tuna maka da takardar da ka rubuta a gaban likita, su ja ka zuwa wata hira. Haka nan yawon asibiti-asibiti ana sake gwaji ɗaya aljihu kawai yake ci.

Gyaran yau da kullum

Goro, kofi, shayi mai kauri irin na Buzaye, da lemukan ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafeyin. Ba kowa yake tayar wa bugu ba, don haka ka gwada da kanka: ka bar ɗaya na mako biyu ka gani. Taba da shisha da giya suna tayar da shi. Haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da abin shaƙa na masu asma, da tiramol, da haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi da ake tallar su a tasha ba a san abin da ke ciki ba. Na asma kada ka bari da kanka, ka dai gaya wa likita.

Zazzaɓi da ƙishirwa da rashin barci suna sa zuciya gudu. Idan azumi ya faɗo a bazara, ka rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ka cika ciki lokaci ɗaya, domin cikar tumbi ma tana tayar wa wasu. Ayaba, dabino, wake, alayyafo da dankali suna da fotasiyam. Kanwa kuwa, ko da ana kiranta fotash a kasuwa, yawancinta sodiyam ce, dangin gishiri, ba ta maye gurbinsu.

Kada ka bar motsa jiki. Masu wannan tsoro kan daina ƙwallo, su daina hawan bene, wasu har su ƙaurace wa iyali, sai jiki ya yi laushi, ƙaramin aiki ya sa su haki, tsoron ya sami sabuwar hujja. Idan likita ya ba ka izini, ka fara da tafiyar minti goma, ka riƙa ƙarawa har ka kai minti 150 a mako, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara. A jikin mutane da yawa bugun gaggawa ɓacewa yake yi idan zuciya ta ɗauki saurin tafiya.

Idan abin ya fi ƙarfinka

Idan wata biyu ko uku suka wuce tsoron na hana ka barci, ko fita, ko sana'a, to damuwar ta zama ciwo mai zaman kansa, kuma tana da magani. Akwai jinya ta hanyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koya wa mutum gyara fassarar da yake yi wa abin da jikinsa ke ji, kuma an tabbatar da amfaninta ga masu firgici. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin taɓin hankali. Likita yana iya ba da maganin rage gudun zuciya irin su propranolol ko bisoprolol, amma ba na saye a kemis da ka ba ne: suna iya tayar wa mai asma, kuma ba a yanke shan su farat ɗaya. Ƙwayar barci irin su diazepam kuwa saurin kama mutum take yi. Addu'a da neman magani ba sa karo, ka riƙe duka biyun.

Kada ka sa ran bugun zai tafi gaba ɗaya. Yakan ɓace wata da watanni, ya dawo lokacin rashin barci ko hidimar biki ko matsin kuɗi. Warakar da ake nema ita ce wani dare ka ji dum ɗin nan, ka gane shi kamar yadda kake gane tarin maƙwabcinka ta bayan katanga, ka gyara matashi ka juya dama. Gari na wayewa kuma sai wajen ƙarfe goma ka tuna ashe jiya ya zo.